Makullin da Ba a Ba da Aronsa: Nasiha ga Matasa Masu Hayar Saba a Gajimare

Ƙannena maza da mata masu koyon aikin kwamfuta, kun zo a lokacin da matashi zai zauna a ɗakinsa, da laftof da datar waya, ya yi hayar kwamfuta a Frankfurt ko Landan ko Cape Town, ya ɗora mata shafi ko manhaja, duniya ta gani kafin a kira la'asar. Kamfanin Amazon ya buɗe irin wannan haya a 2006 da abin da ya kira EC2, Microsoft da Google da DigitalOcean da wasu suka bi sahu. Suna da manyan gine-gine cike da kwamfutoci masu ƙarfi, sai a yi amfani da manhaja a rarraba kowace ɗaya kashi-kashi, kowane kashi ya tsaya da ƙafarsa, da tsarin Linux nasa da adireshinsa na intanet. Wannan tsari shi ake kira gajimare, kashin kuma shi ne sabar da kuke haya. Ba ta da allo a gabanku, ba ta da madannai, kuma har ku gama aiki da ita ba za ku sa ta a ido ba. Hanyar da aka saba isa gare ta ita ce SSH.

Duk wanda ya mallaki hanyar shiga saba ya mallaki abin da ke cikinta gaba ɗaya. Abin da ke cikin kuwa sau da yawa na mutane ne: sunayen ɗaliban wata makaranta, lambobin wayar abokan cinikin wani ɗan kasuwa, bayanan marasa lafiya. Shi ya sa nake ɗaukar tsaron wannan ƙofa a matsayin riƙon amana, kuma da wannan idon nake so ku karanta duk abin da zai biyo baya.

Masu ƙwanƙwasa ƙofa ba sa barci

Da yawanku kuna cewa, "Wa ya san da ni? Ƙaramar saba ce ta gwaji." Ku kunna sabuwar saba ku bar ta ta kwana, da safe ku buɗe kundin shige da fice. A Ubuntu yana /var/log/auth.log, ko ku rubuta journalctl -u ssh. Za ku tarar da layi bayan layi na baƙin adireshi daga ƙasashe daban-daban, suna gwada shiga da suna root, admin, test, ubuntu. Manhajoji ne masu aiki da kansu, suna bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya dare da rana, suna gwada kalmomin sirrin da mutane suka fi yawan sawa. Babu ruwansu da ko kai wane ne. Buɗaɗɗiyar ƙofa kawai suke nema.

A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin rarraba intanet da jerin sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 kacal, irin waɗanda kamfani yake sawa mai saye bai canza ba. A watan Oktoba na shekarar aka tura waɗannan na'urori suka afka wa kamfanin Dyn, shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa a Amurka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Idan suka samu shiga sabarku, yawanci sukan mayar da ita wurin haƙar kuɗin kirifto, ko aika saƙonnin damfara, ko kai wa wasu hari da adireshinku. Lissafin kuɗin haya kuwa da dala ake yi, kuma katinku ne a maƙale. Idan akwai bayanan mutane a ciki, asarar ta wuce ta kuɗi.

Inda makulli ya samo asali

Kafin SSH, mutane suna shiga kwamfuta daga nesa da Telnet, wanda ke aika suna da kalmar sirri tsirara a kan layi, duk mai saurare a hanya ya tsince su. A 1995 aka kai irin wannan hari a Jami'ar Fasaha ta Helsinki da ke Finlan. Wani mai bincike a wurin, Tatu Ylönen, ya zauna ya rubuta SSH don a riƙa lulluɓe duk abin da ke wucewa tsakanin kwamfutocin biyu. Ya nemi a ba shi ƙofa mai lamba 22, wadda ke tsakanin 21 ta FTP da 23 ta Telnet, aka ba shi, kuma ita ake amfani da ita har yau. A 1999 masu aikin OpenBSD suka fitar da OpenSSH, wanda yanzu yake cikin kusan kowace sabar Linux.

SSH yana karɓar kalmar sirri, amma kalmar sirri tana da rauni biyu: ana iya canko ta, kuma dole ku miƙa wa sabar ita duk lokacin da za ku shiga. Makulli ya kawar da duka biyun. Tushensa dabarar da Whitfield Diffie da Martin Hellman suka wallafa a 1976, wadda Rivest da Shamir da Adleman suka fitar da tsarin RSA a kanta a 1977. Ana ƙera makullai biyu tare, lissafi ya haɗa su. Ɗaya na fili ne, ɗaya na sirri.

Ku ɗauki na fili kamar kwaɗo. Kuna iya maƙala irinsa a ƙofa goma, kowa ya wuce ya gan shi, ganinsa ba zai buɗe masa komai ba. Na sirri shi ne ɗan makullin da ke aljihunku. Idan za ku shiga, kwamfutarku takan sa hannu da makullin sirri a kan wani bayani da ya keɓanta da wannan haɗuwar kaɗai, sabar kuma ta tantance sa hannun da makullin fili da kuka ajiye mata. Makullin sirrin kansa ba ya taka layi ko sau ɗaya. Mai saurare a hanya ba shi da abin tsinta, mai canke kuma ko zai shekara dubu yana gwaji ba zai dace ba.

Ku ƙera makullinku da hannunku

A kan kwamfutarku ake ƙera makulli, ba a kan saba ba. Linux da Mac suna zuwa da kayan aikin, haka Windows 10 da 11 ta PowerShell, haka wayar Android idan kun sa Termux. Ku rubuta:

ssh-keygen -t ed25519 -C "laftof-na"

Ed25519 tsari ne da Daniel Bernstein da abokan aikinsa suka fitar a 2011, OpenSSH ya karɓe shi a 2014. Gajere ne, mai sauri, mai ƙarfi. Idan kun haɗu da tsohon tsarin da bai san shi ba, ku ƙera RSA da -t rsa -b 4096.

Zai tambaye ku jimlar sirri. A nan yawancin masu koyo suke danna Enter su wuce. Kada ku wuce. Jimlar sirri ita ke lulluɓe makullin a kan faifan kwamfutarku, ta yadda ko an sace laftof ɗin, ɓarawo ba zai yi amfani da shi nan take ba. Ku haɗa kalmomi biyar ko shida da babu alaƙa tsakaninsu, kada ku sa sunan mahaifiya ko ranar haihuwa ko lambar waya. Idan maimaita ta yana gajiyar da ku, ssh-agent zai riƙe muku: ku rubuta ssh-add sau ɗaya, ya ishe ku har ku kashe kwamfuta.

Fayil biyu za su fito a cikin folda ~/.ssh. Mai suna id_ed25519.pub shi ne na fili, layi ɗaya ne da ke farawa da ssh-ed25519. Mai suna id_ed25519 ba tare da .pub ba shi ne na sirri, kuma a samansa an rubuta BEGIN OPENSSH PRIVATE KEY. Ku haddace wannan rubutu. Duk ranar da kuka gan shi a cikin abin da kuke shirin liƙawa a wani shafi ko tura wa wani, ku ɗauke hannunku.

Lokacin da kuke buɗe sabuwar saba, kamfanin zai ba ku wurin liƙa makullin fili. Ku liƙa layin nan ɗaya. Wasu kamfanonin, kamar Amazon, suna iya ƙera muku makulli su ba ku fayil mai .pem, wanda sau ɗaya tak ake saukewa. Yana aiki, amma na fi so ku ƙera naku, domin makullin da aka haifa a kwamfutarku bai taɓa ratsa ko'ina ba. Idan sabar ta riga ta wanzu kuma kuna shiga da kalmar sirri, ssh-copy-id zai kai muku makullin fili ya ajiye a fayil ~/.ssh/authorized_keys. Wannan fayil shi ne jerin duk waɗanda aka yarda su shiga. Ku tabbata izinin foldar 700 ne, na fayil ɗin da na makullin sirri kuma 600, wato mai shi kaɗai ke iya karantawa. Idan izinin ya yi sako-sako, SSH zai ƙi amfani da makullin, kuma gata yake yi muku.

Tambayar farko da kowa ke amsawa da gaggawa

Ku shiga da ssh ubuntu@adireshin-sabarku. Sunan ya danganta da tsarin da kuka zaɓa: ubuntu a sabar Ubuntu ta Amazon, ec2-user a Amazon Linux, root a DigitalOcean. A karon farko za a nuna muku wani dogon tambari, a tambaye ku ko kun amince. Sabar ma tana da makullinta, wannan tambarin shi ne shaidarta. Abin da ake tambayarku shi ne: kun tabbata wannan ita ce sabarku, ba wani ne ya tsaya a tsakiya yana kwaikwayonta ba? Ku buɗe tagar sabar daga shafin kamfanin, ku rubuta ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub, ku gwada tambarin biyu. Idan sun yi daidai, ku amince. Kwamfutarku za ta ajiye shi a known_hosts.

Wata rana za ku ga gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa shaidar sabar ta canza. Idan kun rushe sabar kun sake gina ta a adireshi ɗaya, dalili ya fito. Idan ba ku taɓa komai ba, ku tsaya ku bincika kafin ku goge layin. A Maris 2023 GitHub ya sanar cewa makullin sirrinsa na RSA ya bayyana na ɗan lokaci a wani rumbun da kowa ke iya gani, ya sauya shi, masu aiki a duk duniya suka tashi da wannan gargaɗi. Masu hankali a cikinsu sai da suka gwada sabon tambarin da wanda kamfanin ya wallafa kafin su ci gaba.

Ku rufe ƙofar kalmar sirri

Sa makulli alhali kalmar sirri tana aiki rabin aiki ne, domin masu canke za su ci gaba da gwada sa'arsu. Da farko ku buɗe wa kanku suna na yau da kullum mai ikon sudo, idan babu, ku sa masa makullinku, ku gwada ku ga kun shiga. Sannan ku buɗe /etc/ssh/sshd_config ku tabbatar da waɗannan layuka biyu:

PasswordAuthentication no
PermitRootLogin no

Akwai tarko a nan. Sababbin tsarin Ubuntu da Debian suna karanta ƙananan fayiloli a /etc/ssh/sshd_config.d/ tun kafin sauran babban fayil ɗin, kuma umarnin da aka fara karantawa shi ke tsayawa. Sau da yawa akwai wani fayil a can da ya bar kalmar sirri a buɗe. Ku rubuta sudo sshd -T ku ga abin da yake aiki a zahiri, sudo sshd -t kuma ya duba muku ko akwai kuskuren rubutu. Bayan haka ku sake tayar da shi da sudo systemctl restart ssh, ko sshd a wasu tsarin.

Yanzu ku saurare ni da kyau. Kada ku rufe tagar da kuke ciki. Ku buɗe ta biyu ku gwada shiga. Idan ta ƙi, ta farkon tana nan, ku gyara. Mutane da yawa sun kulle kansu a waje saboda sun tsallake wannan mataki na minti ɗaya.

Katangar tsaro da kamfanin ke bayarwa tana iya taƙaita ƙofa 22 ga adireshinku kaɗai, kuma hakan yana da kyau ƙwarai. Sai dai mu da muke aiki da datar waya, adireshinmu yakan canza daga yau zuwa gobe, wani lokaci daga safe zuwa yamma. Idan kun taƙaita kuma kun ga an hana ku shiga, ku koma shafin kamfanin ku sabunta adireshin, kada haushi ya sa ku buɗe komai ga kowa. Manhajar Fail2ban tana korar duk adireshin da ya yi ta gwaji yana faɗuwa. Mayar da ƙofar daga 22 zuwa wata lamba yana rage hayaniya a kundi, amma kada ku ɗauke shi tsaro. Don yawan yankewar sabis, ku sa ServerAliveInterval 60 a fayil ~/.ssh/config, ku kuma koyi tmux, domin aikin da kuka fara ya ci gaba ko layi ya katse ko an ɗauke wuta.

Inda amana take karyewa

Lissafin da ke ƙarƙashin makulli ba shi ne ke ba da mutane ba. Ɗabi'unmu ne ke ba da mu. Ga abin da ke faruwa kullum: ana aiki tare, aboki ya ce, "Turo min makullin in duba wani abu," sai a tura masa ta WhatsApp. Daga wannan lokacin makullin yana wayarsa, yana ma'ajiyar da wayar ke kwafe saƙonni, yana hannun duk wanda ya ari wayar. Amsar da ta dace ita ce, "Ƙera naka ka turo min na fili." Ku ƙara layinsa a authorized_keys, da sunansa a ƙarshen layin. Ranar da ya bar aikin, ku goge layin nan ɗaya, babu rigima, babu zargi. Na san al'adarmu tana jin nauyin hana ɗan'uwa abu. A nan ba ku hana shi komai ba, kun ba shi hanyarsa ta kansa, kuma kun kare shi daga tuhuma ranar da wani abu ya lalace.

Kowace na'ura ta sami makullinta. Idan kuna da laftof da waya, ku ƙera biyu, ku sa na filinsu duka a sabar. Ɗaya ta ɓace, ku shiga da ɗayar ku cire wadda ta ɓace a ranar. Kada ku shiga sabarku daga kwamfutar kafe ko ta aro. Kafin ku kai laftof wurin mai gyara, ku tuna abin da ke cikin ~/.ssh; idan ya kwana a can, ku sauya makulli da ya dawo, aikin minti biyar ne. Kada makulli ya shiga foldar aikin da kuke turawa GitHub, domin akwai manhajojin da aikinsu kawai su tsefe sababbin abubuwan da aka ɗora suna neman irin wannan. Idan ya riga ya shiga, goge shi bai wadatar ba, tarihin rumbun yana riƙe da shi. Ku ɗauka ya mutu, ku ƙera sabo. Idan Allah Ya hore muku, ku sayi ɗan makullin ƙarfe irin YubiKey da ake sokawa a kwamfuta. Tun 2020 OpenSSH yake aiki da irinsu, kuma sirrin da ke ciki ba ya kwafuwa.

Akwai wata amana da ba a cika faɗa ba. Idan kun gama wa mutum aiki, ku miƙa masa sabarsa cikakkiya: a sa makullinsa ko na wanda ya wakilta, ku nuna masa jerin masu shiga, ku cire naku sai in ya ce ku ci gaba da kula da ita. Kada ku bar wa kanku ɓoyayyiyar hanya "ko da za a buƙata." Kada kuma ku riƙe sabar mutum garkuwa saboda saɓanin kuɗi. Haƙƙinku ku neme shi ta hanyar yarjejeniya da shaidu. Wanda aka sani da tsabtar hannu a wannan sana'a, aiki ne ke nemansa.

Haka kuma ilimin nan da kuka samu, kada ku gwada shi a ƙofar da ba a ba ku izini ba, ko da wasa. A Najeriya dokar hana laifukan intanet ta 2015 ta sanya shiga kwamfutar wani ba da izini ba cikin laifukan da ake ɗauri ko tara a kansu. Ko babu doka, kun san haramun ne shiga abin mutum a bayan idonsa.

Ido a buɗe

Makulli mai kyau ba ya ɗauke muku sabunta manhaja. A 2006 wani gyara da aka yi wa OpenSSL a Debian ya raunana yadda ake ƙera makullai, ba a gano ba sai a Mayu 2008, lokacin da Luciano Bello ya lura. Makullan da aka ƙera a Debian da Ubuntu a tsakanin nan sun taƙaita ga kimanin 32,000 a kowane nau'i, adadin da kwamfuta za ta gwada cikin ɗan lokaci. Dole kowa ya sabunta ya sake ƙera nasa. Don haka ku kunna unattended-upgrades a sabarku, ku riƙa bibiyar sanarwar tsaro ta tsarin da kuke amfani da shi.

A ƙarshen Maris 2024, wani injiniya a Microsoft mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga ta SSH a kwamfutarsa ta gwaji tana jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, tana kuma cin ƙarfin inji fiye da kima. Bai kawar da kai ba. Ya bi diddigi har ya tono ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a manhajar xz, aikin wani mai amfani da sunan Jia Tan, wanda ya shafe fiye da shekara biyu yana taimakawa har aka amince masa. An kama abin kafin ya isa yawancin sabobin duniya. Wannan halin nake so ku ɗauka daga Freund: idan abu ya saɓa wa yadda kuka san shi, ku tambayi dalili. Ku riƙa leƙa kundin shige da fice, ku riƙa karanta authorized_keys lokaci-lokaci, duk layin da ba ku san mai shi ba ku bincike shi a ranar.

Karatu kaɗai ba zai zaunar muku da wannan ba. A makon nan ku buɗe mafi ƙanƙantar saba da kuka samu, wadda babu bayanan kowa a ciki, ku bi matakan nan daga farko zuwa ƙarshe. Ku rushe ta, ku sake ginawa, har hannunku ya saba, kuma ku tuna ku goge ta in kun gama don kada kuɗi ya yi ta hawa. Sannan ku zaunar da wani na ƙasa da ku ku koya masa. Idan ranar ta zo da wani zai damƙa muku bayanan makarantarsa ko kasuwancinsa, ku karɓa kuna sane da nauyin abin da kuka ɗauka. Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya sa ku cikin masu riƙon amana, Ya albarkaci sana'arku.